Ranar da Baba Kore Ya Ɗauki Bunsuru

Shekara da shekaru, maigadi ba ya gama buɗe tagogi Baba Kore ya iso. Zai rataye jakarsa a bayan kujera, ya cire takalmin fita, ya zura silifas ɗin da ke zaune a ƙarƙashin teburinsa tun kafin a canza wa ofishin fenti, ya jona butar lantarki. Sannan ya je ya tsaya gaban babban allon da ke manne a bango, hannu a baya, kamar manomin da ya zo duba gona bayan an kwana ana ruwa. In allon kore ne, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, kin tashi lafiya." In ja ne, babu tsaki babu faɗa, sai ya jawo kujera ya ce, "To, zo ki gaya mini abin da ke damunki." Da na'ura yake magana. Sababbin ma'aikata sukan kalli juna a makon farko, daga baya su ma ka ji suna gaishe ta.

Wannan bawan Allah ne ya ajiye aiki a makon jiya, kuma yabon gwani ai ba alfarma ba ce, dole ne. Maman 'Yan Biyu, wadda teburinta ke kallon nasa, ta ce in za a ba da labarinsa a bari ta ba da nata, don akwai lokacin da aikinta ya kusa kuɓuce mata, kuma a gaban wannan allon aka yi ta ta ƙare.

Ga wanda bai san sana'ar ba, babbar manhaja irin wadda asibitoci ke aiki da ita ba mutum ɗaya ke rubuta ta ba. Sassa-sassa ce, sun fi ɗari. Wannan na karɓar marasa lafiya, wannan na ɗakin magani, wancan na buga takardu, kowanne da masu rubuta shi. Duk wanda ya taɓa nasa sai ya tura wa wata na'ura ta harhaɗa sassan, ta gwada su, ta ga ko za su zauna lafiya da juna. In sun zauna, allo ya yi kore. In wani ya taka wani, allo ya yi ja, sunan wanda ya yi turin ƙarshe ya fito ɓaro-ɓaro. Kula da wannan harhaɗawar shi ne aikin Baba, daga nan kuma ya samo laƙabinsa. Likita bai san da shi ba, marar lafiya bai taɓa jin labarinsa ba, har shugabannin kamfanin ba sa tuna shi sai ranar da abu ya tsaya.

Lokacin da ya karɓi aikin, harhaɗawa ɗaya tana cin rabin yini. Dogo, mai rubuta sashen ɗakin magani kuma sarkin tsokanar ofishin, ya rantse cewa a zaman jiran allo ya samu lambar wata yarinya, ya yi ta zarya a waya har ta amince za ta aure shi, allo bai yi kore ba. Ƙarya yake yi, amma ba sosai ba.

Baba bai nemi a sayo sabuwar na'ura ba. Farin allo ya samu da alƙalami, ya yi ta zana wane sashe ke jingine da wane, har zanen ya zama kamar saƙar gizo-gizo. A tsakiyar saƙar ya gano wani sashe da kowa ke zuba tarkacensa a ciki, kowa kuma yana ɗiba daga ciki. Ka taɓa harafi ɗaya a wurin, sai na'ura ta rushe komai ta sake gini daga tushe. Ya bi shi a hankali ya rarraba, yana lallashin masu sassa ɗaya bayan ɗaya, don raba mai rubutu da tarkacensa sai da haƙuri. Daga nan ya yi tambayar da har yau ake maimaitawa a ofishin: "Abin da bai canza ba, a kan me za a sake gina shi?" Ya yi wa na'urar ma'ajiya, ya sa mata suna rumbu. Duk yankin da aka riga aka gina sai a adana shi a can, gobe a ɗauko kawai. Sassan da ba ruwansu da juna kuma ya raba su ga na'urori daban-daban, kowace ta yi nata a lokaci guda. Aka wayi gari mutum zai tura aikinsa, ya zuba shayi, kafin ya huce allo ya ba da amsa. Dogo ya kai ƙara wurin Manaja cewa Baba ya kashe hira a ofis.

Doka ɗaya ce Baba ba ya wasa da ita. In allo ya yi ja, kada wanda ya danna a sake gwadawa don neman sa'a. "Jan da ya koma kore da kansa bai warke ba," in ji shi. "Ɓuya ya yi."

Akwai kuma wata al'adar ofishin da ta girme shi. Wani bunsurun roba ne mai karyayyen ƙaho, ba wanda ya san wa ya kawo shi. Duk wanda sunansa ya fito a ja, Dogo zai ɗauko bunsurun, yana tafe yana kukan akuya, ya dire masa a tebur. Wasa ne, kowa ya taɓa karɓar baƙuncinsa, har Manaja.

Maman 'Yan Biyu ta zo ne bayan ta yi shekaru a gida tana rainon tagwayenta. Takardunta masu kyau ne, sai dai hannun ya kwana biyu bai taɓa aikin ba, kuma ta fi kowa sanin haka. Wurare da dama sun kalli shekarun da ta yi a gida suka ce za su neme ta, har yau suna nema. Nan ne kaɗai aka ce ta zo, da sharaɗin za a ga kamun ludayinta na 'yan watanni kafin a tabbatar da ita. Aka ba ta sashen buga takardu, wanda ba kowa ke leƙawa ba, wai don ta sake sabawa a natse.

Turinta na farko, ja. Ta yi dariya tare da kowa, har ta shafa kan bunsurun. Na biyu ma ja. Aka yi kore sau ɗaya ko biyu, jan ya dawo. Kullum saƙon na'urar iri ɗaya ne, an nemi wani yanki ba a samu ba, kuma sunan sashenta ne a jiki. Abin da ya ƙara dagula lamarin, takan tura ne ta ɗauki jaka ta fita, sai bayan ta sauka jan ya fito. A sana'ar nan kuwa babu abin kunya kamar ka tura ka tafi ka bar mutane da ja. Baba a watannin nan da rana yana ƙasa, a ɗakin na'urori, ana ƙaura zuwa sababbi. Tunda ba ya kusa, Dogo sai ya waiga hagu da dama ya danna a sake gwadawa, allo ya yi kore, a ci gaba da aiki. Da safe Baba ya tarar da kore ya ce madalla.

Dariyar ta fara canza launi. Dogo ya daina ɗauke bunsurun daga teburinta, wai wahalar kai da kawowa ta ishe shi. Ita kuwa ta bi rubutunta layi-layi har idanunta suka yi yaji, ba ta ga komai ba. Ta fara yarda cewa kanta ne ya toshe a shekarun wankin kwalaben madara.

Manaja ya kira ta ofishinsa. Ba mugu ba ne, har ruwa ya miƙa mata. "Maman 'Yan Biyu, wallahi ina son ki zauna," ya ce. "Amma ƙarshen wata za a tambaye ni. Kowa yana turawa, ke kaɗai ce ja ke bi. Me zan ce musu?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," ta ce. Gaskiyarta ke nan, ba ta sani ba.

Da yammar nan tana yi wa yaran wanka, ɗaya yana watsa wa ɗaya ruwa, ta gaya wa maigidanta za ta ajiye aikin da kanta kafin a ce ta tafi. Shi mai gyaran firiji ne, yana tsaye a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa. "Ni dai ban san kwamfuta ba," ya ce, "amma firiji in ya ƙi sanyi, ba kullum ne laifin mai buɗewa ba." Ta harare shi ta ce wannan ba firiji ba ne. Ya ce ya ji, amma ta bari a kai ƙarshen watan. Ta ci gaba da cuɗa yaran. Abin da ke cinta ba korar ba ce kaɗai, tsoro take ji kada ya zama waɗanda suka ƙi ɗaukarta su ne suka yi gaskiya.

Washegari ta yi sammako don ta kwashe 'yan kayanta babu idon kowa. Ta manta akwai wanda ba a riga shi zuwa. Baba yana tsaye da kofi a hannu, ya baro allon, yana kallon teburinta.

"'Yata, wannan bunsurun tarewa ya yi a wurinki ne? Kullum na wuce sai mu haɗa ido."

Ta buɗe baki za ta mayar da wasan, kuka ya riga ta. Baba bai ce ta yi haƙuri ba, bai ce ta daina ba. Ya zuba mata shayi, ya jawo kujerarsa kusa da tata, ya jira. Da ta gama ba shi labari, ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Mayar da kayanki inda suke, ki buɗe mini aikin jiya."

Ya ɗauki aikin nata yadda yake, ko harafi bai taɓa ba, ya tura. Kore. Ya sake turawa, kore. Ya yi ta turawa har ma'aikata suka fara shigowa, allo bai ko ƙyafta ba.

"Rubutunki na jiya shi ne na yau," ya ce. "Jiya ja, yau kore. To me ya canza?"

"Ko sababbin na'urorin ne, Baba?"

"Tambaya mai kyau. Mu duba."

Suka duba, suka ɓata safiyar gaba ɗaya a kan wannan zaton, ya tashi a banza, don jan ya faɗa a kan tsofaffi da sababbi ba bambanci. Baba ko a jikinsa. Ya ce sun rage hanya ɗaya, saura sauran. Ya sa ta jero duk jan da ya taɓa fitowa da sunanta, da 'yan koren da ta samu, suka zuba musu ido. Ita ce ta fara gani. Koren duk na safe ne, jan kuwa duk na yamma, kusan lokaci guda.

"Me ya sa kike turawa a wannan lokacin?" ya tambaya.

Ta sunkuyar da kai, don abin da ta fi jin kunyarsa ke nan. "Lokacin tashin yara ne, Baba. In na makara, su kaɗai nake tararwa a bakin ƙofar makaranta. Shi ya sa nake turawa in ruga."

Baba ya jingina da kujera. Ta ga ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya ce, "Kira maigidanki, ki ce na roƙe shi yau ya ɗauko mini jikokina. Ke kuma kada ki tura komai."

Da lokacin ya yi, ya tafa hannu ya ce kowa ya matso, har Manaja aka kirawo. Ya buɗe sashen buga takardu, ya je layin bayani, wurin da na'ura ba ta ma karantawa, ya ɗiga ɗigo ɗaya. Ya tura da sunansa. Kowa ya zuba wa bango ido. Allo ya yi ja, sunan Baba Kore ya fito a kai.

Dogo ya saki salati. Wata ta ce na'urar ta haukace.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Baba. Ya buɗe wani ɗan shiri ya nuna musu. "Kun ga wannan? Tsintsiya sunanta. Ni na rubuta ta shekarun baya, don rumbu in ya cika na'ura tana nauyi. Aikinta ta share duk yankin da aka daɗe ba a ɗauka ba. Na sa mata wannan lokacin ne saboda a da war haka ofis ya tashi. Aka canza lokacin tashi, ni ban canza mata ba. Sassanku kullum ana taɓa su, ba ta kula su. Na wannan baiwar Allah tsofaffin yankuna yake ɗauka. Na'ura ta duba rumbu ta ga suna nan, ta miƙa hannu, Tsintsiya ta riga ta kwashe. Kuna sake dannawa kuwa, sai ta gina su sabo, ta ba ku kore." Ya kalli Dogo ta saman tabarau. Dogo ya duƙufa duba farcensa.

Sannan Baba ya taka da silifas ɗinsa har teburin Maman 'Yan Biyu, ya ɗauki bunsurun da hannu biyu, ya yi kukan akuyar da ya fi na Dogo kyau nesa ba kusa ba, ya kai shi nasa teburin ya dire. Dariyar da aka yi har maigadi sai da ya hauro. Ita kam tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi, ta rasa wanne za ta fara dainawa.

Dogo ya zo ya rusuna. "Anti, ki yafe mini. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango naki." Manaja bai jira ƙarshen wata ba. A tsaye a wurin ya ce ta zauna daram, kuma ya ji kunyar kiran da ya yi mata. Da ta koma gida ta ba da labari, mai gyaran firiji ya yi kwana da kwanaki yana tafiya kamar shi ya gano matsalar.

Ita da Baba suka gyara Tsintsiya tare, suka koya mata ta tambaya ko wani yana amfani da abu kafin ta share. Suka kuma cire suna daga allon, ja ya fito da dalilinsa kawai. Da aka gama ya ce mata, "Ke kika ga lokacin nan, ba ni ba. In kina so, juyo da teburinki ya kalli nawa, in koya miki aikin."

Baba, kai ne wanda da ka ga dama da ka gyara Tsintsiya shiru, ba wanda zai sani, allo ya yi kore, sunanka ya zauna fes. Ka zaɓi ka tara mutane ka sa sunanka a ja, don mutuncin 'yar wani a bainar jama'a aka zubar da shi, a bainar jama'a kuma ka ga ya kamata a mayar mata. Kai ne ka mayar wa ofis guda rabin yininsa, iyaye suka riƙa isa gida da sauran haske. Gyaran da asibiti ke jira ya daina kwana a layi. Mai haƙurin tsefe zare, uban marasa uba a wurin aiki, mun gode. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar cin moriyarsa, Ya sa jikoki su gaji halin. Ku kuma da ke riƙe da irin wannan kujera, a kowace sana'a kuke, in abu ya lalace ku tambayi me ya faru kafin ku tambayi wa ya yi, kuma in sawun ya biyo ta ƙofarku ku faɗa da bakinku.

Ranar bankwana aka jera kujeru a tsakiyar ofis. Mai ɗakin Baba ta zo da 'ya'ya da jikoki, tagwayen nan ma sun zo, sun yi tsawo har sun kusa kafaɗar uwarsu. Manaja yana tsakiyar jawabi, ya kai wurin da murya ke rawa, sai allon bango ya yi ja.

Baba bai san lokacin da ya ajiye farantinsa ya miƙe ba. Ya yi taku biyu ke nan, Maman 'Yan Biyu ta sha gabansa, kwamfutarta a hannu.

"Zauna, Baba," ta ce. "Yanzu aikin nawa ne."

Ya kalle ta, ya kalli allon, ya sake kallonta. Mai ɗakinsa ta jawo shi ta gefen riga tana dariya. "Tun muna da ƙuruciya nake cewa ka zauna ba ka ji ba. Yau ga wadda ta isa."

Ya koma ya zauna, ya ɗauki farantinsa, ya juya wa allon baya, ya ce wa Manaja ya ci gaba daga inda ya tsaya.